Tsohuwar Mota Ta Ɗau Zafi: Wanne Gyara Za Ka Fara Biya?

A bazarar da ta wuce, ranar wata Alhamis, muna dawowa daga kasuwar Maigatari a Golf 3 ɗin kawuna, buhunan gero a but, mutum bakwai a ciki, sai allurar zafi ta bar kan 90 inda ta saba zama ta kama hawa. Kafin mu kai Gujungu mota ta tafasa. Muka gangara gindin wata darbejiya, aka ɗaga bonet, tururi na tashi kamar an buɗe madambaci. Cikin ɗan lokaci mun samu shawara uku daga bakin mutum uku. Wani direban Sharon da ya tsaya taimako ya ce, "Alhaji, cire tamostat ka jefar, kayan ƙasar sanyi ne." Tamostat wata 'yar ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi ɗumi. Wani ya ce fanka za a haɗa dairek, ta riƙa juyawa ba tsayawa. Da muka lallaɓa zuwa gareji, bakaniken ko durƙusawa bai yi ba ya ce gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke like tsakanin kan inji da gangar jikinsa.

Kawu ya bi ta bakanike, tunda shi ne mai sana'a. Aka sauke kan inji, aka sa sabon gasket, mota ta kwana huɗu ba ta fita nema ba. Ran Lahadi ta biyu, a hanyar kasuwar Gujungu da lodi, allura ta sake hawa daidai yadda ta yi a baya. Sai daga baya aka gano lagireto ne ya toshe, ciki da waje. Kuɗin da ya tafi a aikin gasket ya isa a sayi lagireto har a samu canji. Abin ya tsaya mini a rai, domin motar nan gida biyu take ciyarwa, kuma ba kawu kaɗai irin wannan ke samu ba.

Tambayar da ba wanda ya yi mana a ranar, ita ce ta fi duk shawarwarin nan amfani: yaushe take zafin? Mai mota ne ya fi kowa sanin amsar, domin shi ke zaune gaban allura.

Idan tana zafi ne a tsaye, ko a cunkoson ranar kasuwa irin na gadar Wudil ran Juma'a, amma da ka hau kwalta ka samu gudu sai allura ta sauka, to iska ce ba ta samu. A guje iskar hanya na yi wa lagireto fifita. A tsaye fanka ce kaɗai ke wannan aiki. Laifin yana wajen fanka. Idan kuwa akasin haka ne, a tsaye lafiya lau, amma da ka ɗauki lodi ka miƙe hanya sai ta fara hawa, to ruwan ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko kuma lagireto ya kasa sauke zafin da ake kawo masa. Irin ta kawu ke nan. Akwai kuma wadda daga tayarwa da safe, ko'ina kake, minti goma ba ya cika sai allura ta kusa ja, kuma in ka taɓa lagireto ko tiyon ƙasa ka ji shi da sanyi alhali inji na ƙuna. Wannan tamostat ne ya maƙale a rufe. Ta ƙarshe ita ce mai shan ruwa: ka cika da safe, da la'asar ya ragu. Ita kuma sai an san inda ruwan ke tafiya, waje yake zuba ko cikin inji.

Hanyoyinmu na yashi suna rikita wannan lissafi. Mota a giya ɗaya ko biyu cikin rairayi, ɗauke da kaya, tana aikin wahala ne kuma ba ta samun iskar gudu, ga ranar Afrilu da ke wuce maki 40. A nan fanka da lagireto duka ake jarrabawa lokaci guda. Don haka kar ka yanke hukunci da abin da ka gani a hanyar ƙauye kaɗai. Gwada ta a tsaye a ƙofar gida na minti ashirin, sannan ka gwada ta a kwalta, ka ga a ina allura ke motsi.

Abu mafi arha a duk jerin gyaran shi ne marfin lagireto, kuma shi aka fi rainawa. Ruwa a tukunya a buɗe yana tafasa a wajen maki 100. Marfin lagireto yana riƙe matsi a ciki, kuma da wannan matsin ruwa kan kai kusan maki 120 kafin ya tafasa. Shi ya sa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kan marfin motocin Japan. Golf kuwa ba ta da marfi a jikin lagireto, nata yana kan tulun robar nan na gefe. In robar marfin ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, mota za ta riƙa tafasa tana amayar da ruwa alhali komai nata lafiya yake. Na sha ganin marfi da aka naɗe da leda don ya kama. Wanda ya ga haka a motarsa, ya sayi marfi mai lamba irin ta asali kafin ya saurari maganar kowa a kan gasket.

A kan fanka zaɓi biyu ne: a haɗa ta dairek, ko a nemo abin da ya hana ta tashi. Fankar lantarki tana da makunni mai jin zafi. A Golf 3 yana ɗaure a jikin lagireto, yana tayar da ita idan ruwa ya kai wajen maki 95. Tsakaninsa da fanka akwai fis da rile da wayoyi, kuma galibi ɗayansu ne ke mutuwa, ba fankar ba. Mai wayarin da ya san aikinsa zai cire soket ɗin makunnin ya haɗa bakin wayoyin. In fanka ta tashi, makunnin ne ya lalace, a canja shi magana ta ƙare. Haɗawa dairek ya fi sauri, kuma ban ga laifinsa ba in a daji abin ya same ka kana neman isa gida. Amma a bar shi haka shekara da shekaru, fanka na juyawa tun daga kunna makulli har kashewa, yana gajiyar da motar fankar, yana ƙara wa batir da caji nauyi. Mafi muni shi ne wanda ake jan waya daga batir ba fis. Ran da wayar ta goge da ƙarfe, gobara ce. In dole sai dairek, a sa fis da rile.

Wani abu kuma da ke faruwa bayan an taɓa wayarin: a juya wayoyi, fanka ta riƙa juyawa da baya. Za ka ji ƙararta ka ɗauka tana aiki, alhali tana tunkuɗe iskar da hanya ke kawowa. Ɗauki takarda ka kai gaban lagireto fanka na juyawa. In ta manne, daidai ne. In ta ture ta, an juya. Motocin da fambel ke ja wa fanka kuma, a duba fambel ɗin ko ya saki ko ya yi sulɓi, domin sau da yawa shi ɗin ne dai ke jan famfon ruwa.

Maganar tamostat ita ce ta fi raba kan direbobi, kuma na fahimci masu cirewa. Abu ne da in ya maƙale yakan dafa inji cikin mintuna, to wanda ya taɓa cin wannan wuya ba ya son sake ganinsa. Amma a duba me yake yi. Ƙofa ce da ke rufe ruwa a cikin inji har sai ya yi ɗumi, sannan ta buɗe ya tafi lagireto. Makin da yake buɗewa a rubuce yake a jikinsa: 82 a yawancin Toyota, 87 a Golf. Da zarar ya buɗe, ba ya tare hanyar lagireto. Ke nan lafiyayyen tamostat ba ya sa mota zafi, kuma cire shi ba ya warkar da toshewar lagireto, sai dai ya jinkirta hawan allura na ɗan lokaci ka ɗauka an dace.

Cirewar kuma tana da nata kuɗin da ake biya a ɓoye. Da sanyin hunturu, fitar asuba zuwa kasuwa, inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba. Mota mai injekta tana ƙara mai muddin ta ji inji da sanyi, ga fetur yadda ya zama tun da aka cire tallafi a 2023. Baƙin mai ma yakan fi saurin lalacewa. Sannan a injuna da yawa tamostat ƙofa biyu yake tsaro: yana buɗe ta lagireto yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. In ka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani kason ruwa ya riƙa zagaye bai ko leƙa lagireto ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ni ra'ayina, a gwada shi tukuna, gwajin kuma a madafi ake yinsa. Ɗaura shi da zare ka saka a tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwan ya tafasa ya kamata ka ga bakinsa ya buɗe sosai, in ka fito da shi ya huce ya rufe. Wanda bai buɗe ba, ko ya buɗe ɗan kaɗan, a sayi sabo mai lamba ɗaya. Cirewa ta zama ta ranar da ka maƙale a hanya kawai.

Lagireto ne ya fi cancantar a zauna a yi lissafi, domin a ƙasarmu shi ya fi shan wuya. Daga waje, ƙaiƙayin kaka da ƙurar hunturu da 'ya'yan ciyawa da fara suna cushe tsakanin siraran fikafikansa. Mota mai esi tana da wani faranti a gaban lagireto, kuma dattin yakan taru ne a tsakaninsu inda ido ba ya gani. Da aka zare na kawu, abin da ke tsakanin nan ya yi kama da tabarmar da aka saƙa da ƙaiƙayi da gashin awaki, an ɗago shi guda. Wannan wankewa kawai yake so, da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, ba da injin wankin mota mai lanƙwasa fikafikai ba. Daga ciki kuma ruwan rijiya ne ke aikinsa. Dubi cikin butar shayin da aka daɗe ana dafa ruwan rijiya ko na burtsatse da ita, farin ɓawon nan da ke manne a gindinta. Shi ne ke taruwa a bututan lagireto, waɗanda ba su fi tsinken tsintsiya faɗi sosai ba, ga tsatsar inji ta haɗu da shi. Gwajinsa: bayan mota ta yi ɗumi, kashe inji ka zare makulli, ka kiyayi fanka domin ta wasu motoci takan tashi ko an kashe, sannan ka shafa bayan hannunka a fuskar lagireto. Zafin ya kamata ya bi ko'ina yana raguwa a hankali. In ka ji wani yanki da zafi wani da sanyi ƙalau, mai sanyin ruwa ba ya bi ta nan.

To sai me za a yi da shi? In na jan ƙarfe ne irin na tsohuwar Fijo 504, a kai wa mai gyaran lagireto. Zai narkar da dalma ya cire tankin, ya zura siririn ƙarfe a kowane bututu ɗaya bayan ɗaya, ya mayar ya like. Wannan gyara ne na gaskiya, kuma lagireton kan dawo kusan sabo. Na alminiyam mai tankin roba, wanda ke kan yawancin motocin shekarun 1990 zuwa sama, labarinsa daban. Haƙoran alminiyam ne ke riƙe da tankin, in an buɗe an mayar sau ɗaya yana iya kamawa, na biyu sukan karye. Robar kuma in ta tsufa takan yi gautsi, kana like nan da gam can na tsagewa. Zuba omo a zagaya da inji yana fitar da laka da maiƙo, amma ba ya taɓa farin ɓawon da ya daskare.

Lagireto ɗan Baljiyam, wato wanda aka ciro daga tsohuwar motar Turai, wanda za ka samu a Ƙofar Ruwa a Kano, fa'idarsa ita ce na asali ne kuma yawanci bai sha ruwan rijiya ba, tunda can ruwan magani mai kala na lagireto suke zubawa. Illarsa shekaru: Golf 3 ta fara fita ne a 1991, to robar lagireton da aka ciro daga irinta ta ga duniya. Kuma ba duk abin da aka ce maka Baljiyam ba ne Baljiyam. Akwai na gida da aka wanke aka fesa wa fenti. Leƙa cikin bakinsa. In ka ga jan tsatsa ko farin ɓawo, a nan ya yi rayuwarsa. Ka sa a toshe bakunan a hura masa iska a cikin ruwa a gabanka, ka ga ko zai yi kumfa. Sabo kuma iri-iri ne. Mai kyau ya fi duka kwanciyar hankali. Mai arha za ka gane shi a hannu: ba nauyi, bututai 'yan kaɗan, fikafikai a wage. Irin wannan yana iya riƙe motar malamin makaranta da ke zuwa aiki shi kaɗai, amma ba zai riƙe motar haya mai lodin kasuwa a watan Mayu ba.

Shi kuma dabul sel, mai layi biyu, da ake yawan tallata wa direbobi, ga motar da ke ɗaukar kaya fiye da abin da aka ƙera ta dominsa, yana da amfani na zahiri, domin ya fi ɗaukar ruwa ya fi sauke zafi. Amma ba ya tayar da matacciyar fanka, ba ya gyara famfo. A kuma auna kaurinsa, kar fanka ta riƙa gogarsa. In da ni ne da motar haya mai lagireton alminiyam da ya toshe, ba zan ɓata kuɗi a wanki ba: sabo mai nauyi ko dabul sel in aljihu ya kai, in bai kai ba Baljiyam da aka gwada a gabana.

Duk wanda ka saya, abin da za ka zuba masa shi zai yanke kwanansa. Ruwan magani mai kala ba wai ya fi ruwa zalla sanyaya inji ba ne. A gaskiya ruwa ya fi shi ɗaukar zafi. Amfaninsa hana tsatsa da kare famfo da ɗan ɗaga makin tafasa. Tunda ba ƙanƙara muke tsoro ba, kashi ɗaya na maganin cikin uku ya wadatar in mai kauri ne da ake sirkawa, sauran a cika da ruwa marar gishiri: tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba mai asid ba, ko ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta aka tace. Ruwan rijiya mai zartsi shi ne mafi sharri. A kula kuma, ruwan maganin nan yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne. Kar a bar shi a kwano ko a jarkar da ba rubutu a gidan da ke da yara da awaki.

Famfon ruwa ba shi da dogon zance. In yana ɗiga ta ɗan ramin da ke ƙasansa, ko yana gurnani, ko ka girgiza fulinsa ka ji yana lilo, a canja. Wanda ke ɓoye laifinsa shi ne wanda tsatsa ta cinye fikafikansa, ko na roba da ya saki daga sandarsa. Alamarsa irin ta toshewar lagireto ce, sai dai a Golf za ka iya leƙa tulun roba inji na aiki: in ka taka totur ba ka ga ruwa na dawowa ta siririn tiyon sama ba, ko famfon ne ko tiyon ya toshe. A duba filanjin robar da ke gefen kan inji ma, ya shahara da tsagewa, da kafet ɗin gaba ko ya jiƙe, alamar hita na yoyo.

Gasket shi ne na ƙarshe a layi, domin shi ya fi tsada, kuma sau da yawa zafi ne ke ƙona shi, ba shi ke fara kawo zafin ba. Yana da shaidu, kuma haƙƙinka ne ka ce a nuna maka su. Da safe inji da sanyi, buɗe marfi, cika ruwa, ka tayar. In kumfa na ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa, ko ka rufe marfin cikin minti biyu tiyo ya yi tauri kamar tayar keke tun ruwa bai yi ɗumi ba, hayaƙin inji ne ke shiga ruwa. Sauran shaidun: farin hayaƙi mai kauri a salansa da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, mota na rawa da safe, fulogi ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi alhali 'yan uwansa da baƙi, ruwa na ƙarewa ba ɗigo a ƙasa. Ba lallai su taru duka ba, amma a ce babu ko ɗaya kuma a ce gasket ne, wannan ban yarda ba. A motar kawu babu ko ɗaya. Wasu garejin birni suna da wani ruwa shuɗi da ake ɗorawa a bakin marfi, in hayaƙi na shiga sai ya koma rawaya. Kuɗin motar zuwa Kano ko Dutse don wannan gwaji bai kai rabin kuɗin sauke kan inji ba.

In ya tabbata ya ƙone, zaɓi uku ne. Sa sabon gasket kawai shi ne mafi arha, kuma shi ya fi dawowa, domin kan injin alminiyam yakan lanƙwashe in ya sha zafi. Lanƙwasar da ta wuce kaurin takarda ɗaya, wajen milimita 0.1, ta isa ta sake ƙona sabon. A ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a auna, in ya karkace a kai shi injin goga a daidaita fuskarsa, a duba ko ya tsage tsakanin bawul. Ɗaurin ma da ƙa'ida: daga tsakiya zuwa gefe, da sufana mai awo, ba da bututu da ƙarfin dantse ba, kuma kusoshin Golf irin masu miƙewa ne da ake so a sabunta. Kan da aka riga aka goge sau biyu ko ya tsage, a nemi wani na Baljiyam. Sauya inji gaba ɗaya kuwa sai in dama yana shan baƙin mai yana hayaƙi, ko ruwa ya daɗe a cikin mai har ƙasan inji ya fara ƙara. Kowanne ka zaɓa, in ba a gyara abin da ya fara kawo zafin ba, gyaran gangar auzinawa aka yi.

Ranar da allura ta hau kana hanya, kashe esi, kunna hita har ƙarshe in tana aiki, domin tana janye wani zafin, ka nemi inuwa ka tsaya. Kar ka buɗe marfi sai tiyo ya yi laushi ka iya matsa shi da hannu. Ruwan da ke ciki ya wuce na tafasa zafi, kuma fuska yake nufa. Kar a sheƙa wa inji mai ƙuna ruwan sanyi, ciki ko waje, haka ake tsaga kai. In ya huce, a tayar a riƙa zuba ruwa a hankali. Allurar da ta hau sannan ta faɗi ƙasa farat ɗaya ba sauƙi ba ne, yana iya zama ruwa ne ya ƙare har ma'aunin ba ya taɓa komai.

Kawu ya ƙare da dabul sel da sabon marfi, aka mayar da tamostat ɗin da wani ya cire tun kafin ya sayi motar, aka canja makunnin fanka. Da damina ya sa yara suka tara masa ruwan sama a jarka biyu, ya ajiye su a zaure don mota kaɗai. Yanzu duk ranar kasuwa, bayan sallar asuba, kafin a fara lodi, yakan haska tocila ƙarƙashin inji ya ga ko ƙasa ta jiƙe, ya leƙa tulun ruwa, ya sa ɗansa ya share fuskar lagireto da tsohon burushi. Ranar Alhamis ɗin da muka sake bin hanyar Maigatari tare, da lodi irin na wancan karo, na zauna a gaba ina kallon allura tun daga Gumel. Tana kan 90 har muka sauke kaya a Gujungu.